Radon: Iskar da wayar salula ba ta iya ganowa ita kaɗai

A watan Disambar 1984, wani injiniya mai suna Stanley Watras ya riƙa tayar da ƙararrawar na'urar gano tiririn nukiliya a tashar lantarki ta Limerick da ke jihar Pennsylvania a Amurka. Da aka bincika, sai aka gano ba a wurin aiki yake kwaso tiririn ba, daga gidansa yake tahowa da shi a jikin tufafinsa. Gidan cike yake da iskar radon, har ta kai kusan bekarel 100,000 a kowace kubik mita ta iska. Bekarel shi ne ma'aunin ƙarfin tiririn, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta fi son kada adadin ya wuce 100 a cikin gida, idan ya yi yawa kada ya haura 300.

Radon ba ta da launi, ba ta da wari. Tana samuwa ne yayin da sinadarin yuraniyom da ke cikin duwatsu da ƙasa yake rikiɗewa a hankali, sai ta biyo tsagar daɓe, ko gefen bututun ruwa, ta shige ɗaki. A fili iska kan kwashe ta, amma a rufaffen ɗaki taruwa take yi. Ita ce ta biyu wajen haddasa kansar huhu bayan taba sigari, kuma a Amurka kaɗai hukumar kare muhallin ƙasar ta ƙiyasta tana kashe mutum kusan 21,000 duk shekara. Haɗarin ya fi tsanani matuƙa ga mai shan taba.

Babu wata wayar salula ta yau da kullum da ke ɗauke da abin auna radon. Duk manhajar da ta ce za ta auna ta da kyamara ko makirufo, yaudara ce, kuma galibi tallace-tallace kawai za ta cika wa mutum allo da su. Aikin waya a nan shi ne nuna sakamako. Awon kansa sai da na'ura ta daban.

Irin waɗannan na'urori sun yawaita. Kamfanin Airthings na ƙasar Norway yana da Wave, wadda ke aiki da batir, a maƙala ta a bango, ta riƙa tura bayanai zuwa waya ta Bluetooth. Idan aka gitta hannu a gabanta sai ta haska kore, ko ɗorawa, ko ja. Akwai kuma RadonEye, ƙirar Koriya ta Kudu, wadda ake jonawa da wuta, ta kuma fi saurin ba da lamba.

Sai dai saurin nan shi ke ruɗar masu sabuwar na'ura. Yawan radon ba ya tsayawa wuri guda: yakan hau da dare idan an kulle tagogi, ya sauka da rana, ya canza da ruwan sama da sauyin yanayi. Mutum zai iya ganin ja yau hankalinsa ya tashi, ko ya ga kore ya saki jiki, alhali duka biyun ba su faɗa masa komai ba. Lambar da ke da amfani ita ce matsakaicin adadi na tsawon lokaci, aƙalla wata uku. Shi ya sa har yanzu hukumomi irin na Birtaniya suke amfani da wani ɗan ƙaramin gwangwanin roba marar batir, wanda ake ajiyewa wata uku sannan a mayar ɗakin gwaji. Ba shi da manhaja, ba shi da kyan gani, amma ya fi araha nesa ba kusa ba.

Wurin ajiya ma yana da muhimmanci. A sa na'urar a ɗakin da aka fi zama ko kwana a hawa na ƙasa, nesa da taga da ƙofa da fanka, ba a kicin ko banɗaki ba.

Idan adadin ya fito da yawa, matakin farko shi ne toshe tsagar daɓe da ƙara shigar iska, ko da yake liƙe tsaga shi kaɗai ba ya wadatarwa. Maganin da ya fi aiki shi ne a huda daɓen, a zura bututu mai ƙaramar fanka da ke zuƙo iskar daga ƙarƙashin gini ta fitar da ita ta saman rufi. Bayan an gama a sake aunawa, kuma a nan ne na'ura mai manhaja take biyan kuɗinta, domin za ta nuna ranar da fankar ta tsaya.

Batun bai tsaya a ƙasashen sanyi ba. Yankin Jos na da duwatsu da tarin ƙasar da haƙar kuza ta bari, Arlit a Nijar kuma garin haƙar yuraniyom ne tun farkon shekarun 1970. Gida mai tagogi a buɗe ya fi samun sauƙi, amma ɗakin da aka toshe ko'ina saboda na'urar sanyaya ɗaki, ko saboda ƙurar hunturu, ya fara kama da gidajen Turai. Kuma sakamakon maƙwabci ba ya wakiltar na kowa, domin gidaje biyu da katanga ɗaya ta raba kan iya ba da lambobi mabambanta ƙwarai.