Tsofaffi Da Wasan Motsa Jiki Na Na'ura

Babu abin da tsoho ke tsoro kamar faɗuwa, gama ƙashin tsufa in ya karye wuyar ɗori gare shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum wajen 684,000 ke mutuwa kowace shekara saboda faɗuwa, tsofaffin da suka haura shekara 60 kuwa su suka fi yawa a ciki. A 2020 ta ba da shawara duk mai shekara 65 ko fiye ya riƙa motsa jiki minti 150 zuwa 300 a mako, ya kuma ware aƙalla kwana uku don koyon tsayuwa da ƙarfafa ƙafa. To, faɗi da sauƙi, amma ina tsohon da zai jure?

Nan masu ƙera na'ura suka shigo da dabara, watau a mai da motsa jiki wasa. A 2006 kamfanin Nintendo na Japan ya fito da Wii. Mutum zai riƙe ɗan abu a hannu ya wurga, sai ya ga ƙwallo na gangarawa cikin talabijin. Ba a daɗe ba gidajen kula da tsofaffi a Amurka suka karɓe shi. A 2007 aka ƙara wani allo da a ke tsayawa a kai, yana auna yadda nauyin jiki ke karkata. Daga baya, a 2016, aka fara sayar da Oculus Rift, wani gilashi da a ke ɗaurawa a fuska. Mai sanye da shi sai ya gan shi tsakiyar wani fili, ko ina ya juya kai filin na biye da idonsa, yana sunkuyo yana miƙa hannu, alhali yana cikin ɗakinsa.

Me ya sa wani tsoho ke karɓa, wani ya ƙi? Tun 1989 wani malami Ba'amurke, Fred Davis, ya bayyana cewa abu biyu ke sa mutum ya rungumi sabuwar na'ura: ya ga amfaninta, ya kuma ga za ta yi masa sauƙi. Tsoho ba ya ɓata lokaci kan wasan yara, amma kadan ya gane abin zai taimake shi tashi daga kujera ba mai kama shi, sai ya saurara.

Wahalolin kuwa sanannu ne. Gilashin na da nauyi, wani ya kai rabin kilo. Yana rufe ido, mutum ba ya ganin ƙafarsa, sai tsoron faɗuwar ya ƙaru. Akwai kuma jiri, domin ido na cewa ana tafiya, cikin kunne kuwa, inda ma'aunin jiki ya ke, na cewa ana tsaye. Saboda haka a kan fara da tsoho yana zaune, na ɗan lokaci kaɗan, da wani kusa da shi. Sa'an nan kunya: dattijo ba ya son ya yi kuskure gaban jikokinsa, amma cikin tsararsa har dariya a kan yi.

Malamai, wannan darasi namu ne. Duk wanda zai koyar da babba, ko karatu ne ko na'ura, sai ya fara nuna masa amfanin abin, ya bi da shi sannu daga abin da ya sani, ya kuma tsare masa girmansa. In an yi haka, tsufa ba ya hana koyo.