Hidimar Sallah da Aljihun Ɗan Kasuwa: Yadda Lamarin Yake a Zangunan Hausawa na Fatakwal, Anacha da Inugu

Da zarar watan azumi ya raba, hirar 'yan kasuwar Arewa mazauna Fatakwal da Anacha da Inugu takan koma kan abu guda, wato kayan Sallah. Tun daga masu albasa da tumatir na kasuwannin Mile 1 da Oil Mill a Fatakwal, zuwa fatake da 'yan canji na kewayen masallacin Bida Road a Anacha, har ya zuwa dillalan dabbobi na Gariki da mazauna Ama Hausa a Inugu, kowane magidanci yakan shiga lissafin yadda zai fita kunyar iyali da dangi ba tare da ya karya jarinsa ba.

Zaman Hausawa a waɗannan birane ba na yau ba ne. Layin dogon da ya haɗa Fatakwal da ma'adinan kwal na Inugu a shekarar 1916 ya jawo fatake da mahauta daga Arewa, har ta kai a shekarun 1950 Malam Umaru Altine, mutumin lardin Sakkwato, ya zama magajin garin Inugu na farko. Sai dai duk daɗewar zama, akasarin magidanta ba su yanke da gida ba, saboda haka nauyin da ke kansu biyu ne: na iyalin da ke tare da su, da na iyaye da surukai da 'yan'uwa da ke Kano ko Katsina ko Sakkwato.

Jerin hidimar yana da tsawo. Akwai kayan shan ruwa, irin su sukari da gero, da ake kai wa iyaye da surukai. Akwai atamfa ko leshi na uwargida, da shadda da takalma na yara, da kuɗin tela. Saurayi mai neman aure yana da toshin Sallah a kansa. Wanda zai je gida kuwa sai ya tanadi tsaraba, kamar manja da garin kwaki da sabulu, da goron Sallah na yaran unguwa, ga kuɗin mota, tun da jirgin ƙasa ya daɗe da daina jigilar fasinja daga gabas zuwa Arewa, kuma tafiyar Fatakwal zuwa Kano ta haura kilomita 1,000. Bugu da ƙari, ɗan kasuwar da ke zaune cikin Kiristoci yakan so ya kyautata wa mai gidan haya da manyan abokan ciniki a lokacin Kirsimeti, kamar yadda su ma ake aika masu da nama ranar layya.

Abin da ya ƙara tsananta lamarin shi ne halin da tattalin arzikin ƙasa ya shiga. Bayan janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, litar da ake saye ƙasa da Naira 200 ta haura Naira 600 cikin watanni biyu, ta kuma wuce Naira 1,000 a ƙarshen 2024. A watan Yunin 2023 Babban Bankin Nijeriya ya sakar wa kasuwa ƙayyade darajar Naira, abin da ya ɗaga farashin yadudduka da sauran kayan da ake shigowa da su daga waje. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta bayyana cewa hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin 100 a Disambar 2024, na abinci kuma ya kusa kashi 40. Mafi ƙarancin albashi na Naira 70,000 da aka zartar a Yulin 2024 bai shafi mai tireda ko mai tura baro ba. Har ila yau, zaman gida na ranar Litinin da aka fara a Kudu maso Gabas a Agustan 2021 ya cinye wa 'yan kasuwar Anacha da Inugu ranakun ciniki masu yawa.

Babban haɗarin da ke tattare da wannan hidima shi ne taɓa uwar kuɗi. Alal misali, a ɗauka mai albasa yana da jarin Naira 500,000, yana juya shi sau biyu a wata, yana samun ribar kashi 10 cikin 100 a kowane juyi, wato Naira 100,000 a wata. Idan ya zari Naira 150,000 ya yi kayan Sallah, ribarsa za ta sauko zuwa Naira 70,000 alhali cefane da haya ba su ragu ba. Ko da zai iya mayar da Naira 20,000 duk wata, sai ya shafe fiye da wata bakwai kafin jarin ya koma yadda yake, ga shi kuwa tsakanin Ƙaramar Sallah da Babba kwana saba'in ne kacal. Ta haka ne mutum kan wayi gari ya koma karɓar kaya bashi a hannun dillali, a kan farashin da ba shi ya yanke ba.

Mafita ta farko ita ce bambanta wajibi da al'ada. Ciyar da iyali da tufatar da su, da zakkar fidda kai, da kuɗin makarantar yara da na haya, su ne a gaba. Layya tana kan mai hali ne kawai. Sauran kyaututtuka alheri ne, ana yin su gwargwadon ƙarfi. Yana da kyau maigida ya zauna da uwargida tun watan Rajab su rubuta sunayen waɗanda za a yi wa alheri, su yanke adadin da ba za a ƙetare ba, kuma daga riba za a fitar da shi.

Ta biyu ita ce tanadi tun da wuri. Wanda ya ajiye Naira 500 kullum, ko a asusu ko a adashin amintattun mutane, zai tara Naira 150,000 cikin kwana 300. Amma da yake hauhawar farashi tana cin darajar kuɗin ajiya, ya fi dacewa a riƙa mayar da su kayan da ba sa lalacewa. Yadin da aka saya aka kai wa tela a Sha'aban ya fi na goman ƙarshe sauƙi, ya kuma kuɓutar da mutum daga saɓa alkawarin ɗinki.

Ta uku ita ce cin moriyar wurin zama. Mazaunin Anacha yana bakin ɗaya daga cikin manyan kasuwannin Afirka ta Yamma, na Fatakwal kuma bai da nisa da kasuwar Ariaria ta Aba, inda ake ɗinka takalma da jakunkuna. Idan mutum biyar ko goma suka haɗa kuɗi suka sara a dila, kowa zai samu rangwame. Shadda da atamfa kuwa, sau da yawa gara a aika da kuɗi a saya a Kantin Kwari da ke Kano da a yi dakonsu daga Kudu. Haka nan watanda, inda ake haɗa kuɗi a yanka sa a raba, tana wadatar da gida da nama a Ƙaramar Sallah ba tare da an ci bashi ba.

Akwai kuma batun tafiya gida. Kuɗin motar iyali mai mutum biyar, zuwa da dawowa, yana iya fin kuɗin kyaututtukan baki ɗaya. Wasu magidanta sun koma zuwa gida Sallah ɗaya a shekara, ɗayar kuma su aika da saƙo ta banki. Wasu kan jinkirta tafiyar sai bayan biki, lokacin da kuɗin mota ya lafa. Game da sababbin takardun kuɗi na barka da Sallah, ya kamata a sani cewa sayensu a hannun 'yan bumburutu asara ce, kuma dokar Babban Banki ta 2007 ta haramta cinikinsu, da hukuncin ɗaurin wata shida ko tarar Naira 50,000, ko duka biyun.

Ko shakka babu, abin da ya fi wuya a cikin wannan duka shi ne kunya. Mutanen gida sukan ɗauka duk wanda ke Kudu yana cikin daula, shi kuma ɗan ci-rani ba ya son a ce ya dawo hannu rabbana. Amma sanar da iyaye da surukai halin da kasuwa take ciki tun kafin azumi ya fi a burge su a bana a kasa aika masu ko sisi a baɗi. Jarin da ya tsira shi zai ci gaba da ciyar da gidajen biyu har wata Sallar. Tuni dai Hausawa suka yi gargaɗi da cewa Sallah takan wuce ta bar wawa da bashi.