Jiki ɗaya, muryoyi da yawa: yadda masu larurar rarrabuwar hali ke jin cikinsu

Yau a filin kiwon lafiya mun ɗauko wata larura da ba a cika jin sunanta ba. Da Faransanci likitocin ƙwaƙwalwa na ce mata trouble dissociatif de l'identité, a taƙaice TDI. Mu za mu kira ta larurar rarrabuwar hali. Mai ita mutum ɗaya ne, amma yana jin kamar akwai mutum biyu, uku ko fiye a cikinsa, kowanne da tunaninsa da muryarsa, wani lokaci har da suna da shekaru. A 1994 ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta sauya mata suna, don a gane cewa halin mutum ɗaya ne ya kasa haɗuwa wuri guda.

To yaya abin yake daga ciki? Da yawansu na kwatanta shi da gida. In hankalinsu ya koma ciki, sai su ga wani wuri: gida mai ɗakuna, ko lambu, ko dogon lungu mai ƙofofi, kowane ɓangare da mazauninsa. Akwai mai kama da ƙaramin yaro, yana ɓuya yana kuka. Akwai mai zafin rai, wanda ya ɗauki tsaro a matsayin aikinsa. Akwai kuma mai riƙe da harkar yau da kullum, shi ke zuwa gona ko kasuwa, shi ke gaida baƙi. Wasu ba su ganin wuri ko kaɗan, muryoyi kawai suke ji daga cikin kai, suna gardama ko suna ba da shawara.

Idan wani ɓangare ya karɓi jiki, sukan ce ya fito gaba. Wanda ya koma baya wani lokaci yana kallon komai kamar fasinja a bayan mota: yana ganin hanya, amma sitiyari ba a hannunsa yake ba. Wani lokaci kuwa bai sanin komai. A nan wahalar take. Mace ta tsinci kanta a bakin rijiya ba ta san yadda ta zo ba, ko a ce mata jiya ta karɓi bashi, ta rantse ba ta karɓa ba. Kada a yi saurin ce mata maƙaryaciya, domin ɓangaren da ke magana yanzu bai ajiye labarin jiya ba.

Daga ina take samo asali? Tun ƙarshen ƙarni na 19 likitan Faransa Pierre Janet ya bayyana yadda firgici mai tsanani kan raba tunanin mutum. Yawancin masana a yau na danganta larurar da azaba mai maimaituwa tun ƙuruciya, kamar mugun duka, fyaɗe, rashin kulawa ko tashin hankalin yaƙi. Yaro ƙarami ba shi da inda zai gudu, sai hankalinsa ya gudu, ya ji kamar wani ake yi wa, ba shi ba. Dabarar da ta cece shi yana yaro, ita ke dame shi in ya girma. Littafin da likitocin Amurka suka fitar a 2013 ya ce kusan 90 cikin 100 na masu larurar a Amurka, Kanada da Turai sun sha cin zarafi ko rashin kulawa suna yara, kuma fiye da 70 cikin 100 na masu zuwa ganin likita sun taɓa yunƙurin kashe kansu. Kun ji ke nan ba abin wasa ba ne.

A nan ƙasar Hausa, in mutum ya canza murya ya ce shi wani ne, abin da ke fara zuwa bakinmu shi ne iska ko aljanu. Littafin nan ma ya yarda cewa a ƙasashe da dama larurar na fitowa da wannan kama. Sai dai bai lissafa abin da mutum ke shiga da saninsa cikin al'ada, irin su bori, a matsayin ciwo ba. Abin dubawa shi ne wanda ke zuwa ba a kira shi ba, yana maimaituwa, da mantuwa, yana ɓata aure, karatu ko sana'a. Farfaɗiya, shan ƙwaya da wasu nau'o'in taɓin hankali ma kan yi kama da haka, shi ya sa ƙwararre ne kaɗai zai tantance. Addu'a ba ta hana zuwa asibiti. Amma duka, ɗauri da mari ko hayaƙin barkono, maimaita masa azabar da ta jawo ciwon ne.

Babu ƙwayar da ke kawar da larurar, kodayake magani na taimakawa wajen barci da baƙin ciki. Babban maganinta zama da ƙwararre ne ana tattaunawa, sau da yawa na tsawon shekaru. Da farko a samar masa kwanciyar hankali, sannan a taɓo tsohon miki sannu sannu, daga baya ɓangarorin su san juna. Wasu sukan haɗe su zama ɗaya, wasu su koyi zama tare ba rikici.

Mene ne namu a gida? In abin ya motsa, mu yi masa magana a hankali, mu tuna masa inda yake da ranar da ake ciki. Kada mu tara masa jama'a, kada a ɗauke shi bidiyo a watsa a WhatsApp. In ya ambaci kashe kansa, kada a bar shi shi kaɗai. A fara da CSI mafi kusa, su za su tura shi gaba, har sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na babban asibitin ƙasa da ke Yamai in ta kama. Ku kuma ƴan uwa na waje, in an bugo muku waya cewa wance ta sake tashi, ku tambaya ko likita ya gan ta, ku taimaka da kuɗin mota. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.