Yadda jikin mace da na namiji ke sabawa da motsa jiki a lokacin zafi

Da zarar bazara ta kama, zafin rana a garuruwa irin su Sakkwato da Maiduguri kan haura digiri 40 a ma'aunin Salshiyas. Duk da haka, masu fita motsa jiki, maza da mata, ba su fasawa, musamman waɗanda likita ya umarta saboda hawan jini ko ciwon suga. Abin da da yawa ba su sani ba shi ne, jikin mace da na namiji duk suna sabawa da zafi, amma ba lallai su bi hanya ɗaya ko su ɗauki lokaci ɗaya ba.

Yadda sabon yake faruwa

Mafi yawan ƙarfin da tsoka ke ƙonawa yayin aiki zafi yake komawa. Jiki na fitar da shi ta hanya biyu: yana tura jini zuwa fata, sannan yana tsatso gumi, wanda bushewarsa ce ke sanyaya mutum.

Idan aka riƙa motsa jiki cikin zafi kullum na kimanin kwana 10 zuwa 14, sai jiki ya sauya tsari. Ruwan da ke cikin jini ya ƙaru, bugun zuciya ya ragu a kan aikin da a da yake sa haki, gumi ya riƙa fitowa da wuri kuma da yawa, gishirin da ke cikinsa ya ragu. Wannan sabo ba ya dawwama. Idan mutum ya bar zafin, yakan fara gushewa cikin 'yan makonni.

Inda bambancin yake

A galibi mace ba ta kai namiji yawan gumi ba. Sai dai masu bincike a Jami'ar Ottawa ta Kanada sun nuna cewa idan aikin matsakaici ne, kuma zafin da jikin kowanne ke haifarwa daidai yake, bambancin ƙanƙane ne. Yana bayyana ne idan aiki ya tsananta, har jiki ya buƙaci iyakar gumin da zai iya fitarwa. Hasali ma, kaso mai yawa na abin da ake gani tsakanin jinsunan biyu yana da nasaba da girman jiki da kuma yadda mutum ya saba da atisaye.

Yanayin iska ma na da tasiri. A busasshen zafi irin na Arewa, gumi na bushewa nan take, don haka mai yawan gumi ya fi samun sauƙi. A wuri mai danshi kamar Legas kuwa, gumin kan kwarara ƙasa ba tare da ya sanyaya jiki ba, sai yawansa ya zama asarar ruwa kawai.

Batun lokaci shi ne ya fi jan hankali. Wani bincike da aka wallafa a 2015 daga Jami'ar Brighton ta Ingila ya sa maza da mata atisaye a ɗaki mai zafi. Bayan kwana 5, bugun zuciya da zafin jikin maza sun sauka, yayin da a wurin mata gumi ne ya ƙaru. Sai da aka kai kwana 10 sannan matan suka samu irin wancan sauƙi. Mutanen da aka gwada kaɗan ne, amma darasin a fili yake: gajeren shiri na kwana 5 na iya wadatar da namiji, ya gaza wa mace.

Akwai kuma zagayowar al'ada. Bayan fitar ƙwai, wato kimanin mako biyu kafin haila, sinadarin furojestaron na ɗaga zafin jikin mace da digiri 0.3 zuwa 0.5, kuma gumi kan ɗan jinkirta fitowa. Wannan ba ya hana atisaye, amma yana iya sa ta ji aikin ya fi nauyi a waɗannan ranaku.

Me ya sa ake damuwa?

A gasar guje-guje ta duniya da aka yi a Doha a 2019, an fara gudun famfalaki na mata da tsakar dare don kauce wa rana, amma zafi ya haura digiri 30 ga kuma danshi. Daga cikin mata 68 da suka fara, 28 ba su kai ƙarshe ba. Makonni kaɗan bayan haka aka sanar da mayar da gudun famfalakin gasar Olamfik ta Tokyo zuwa Sapporo, inda ya fi sanyi. Idan zafi ya yi wa ƙwararru haka, ina ga wanda ya tashi daga ofis ko shago ya shiga fili?

Ƙari a kan haka, yawancin binciken da aka gina shawarwarin atisaye a kansu a jikin maza aka yi su, shi ya sa masana ke kira da a ƙara nazarin mata.

Abin lura

Mai farawa ya fara da tafiya ko sassarfa ta minti 20 zuwa 30 da sanyin safiya ko bayan la'asar sakaliya, ya riƙa ƙarawa sannu a hankali. Mace ta ba kanta mako biyu cur, kada ta auna ci gabanta da na mijinta ko abokin aikinta. Haka ma maniyyata aikin Hajji, waɗanda tafiyar ƙafa mai tsawo ke jira a Makka da Mina.

A sha ruwa gwargwadon ƙishirwa, domin yawan kwankwaɗa fiye da kima na rage gishirin jini, kuma masu ƙaramin jiki sun fi shiga wannan haɗari. Jiri ko ciwon kai ko tashin zuciya alama ce ta a tsaya a nemi inuwa. Wanda ya fara rikicewa ko ya suma, a jiƙa shi da ruwan sanyi nan take, a garzaya da shi asibiti. Masu juna biyu da masu ciwon zuciya ko ƙoda su tuntuɓi likita kafin su fara.