Ko Kun Sani? Launin Masu Damuwa

Ko kun san cewa masu fama da ciwon damuwa sun fi zaɓen ruwan toka idan aka ce su nuna launin da ya dace da halin da zuciyarsu ke ciki? Masu bincike a Manchester ta Ingila ne suka gano haka a 2010, bayan sun nuna wa mutane wani faifai mai launuka 38. Masu ƙoshin lafiya rawaya suka fi nunawa. Abin mamaki, da aka tambayi launin da aka fi ƙauna, shuɗi ne ya yi zarra a kowane ɓangare.

Ba wai fentin toka ne ke jawo cutar ba. Sai dai bango mai duhun toka yana shanye yawancin hasken da ya sauka a kansa, ɗaki ya yi dususu ko da rana tsaka, musamman in taga ƙarama ce. Shi ya sa masu ƙawata gidaje ke haɗa shi da launi mai haske. Ko kamfanin Pantone, da ya zaɓi ruwan toka a matsayin launin shekarar 2021, tare da rawaya ya fitar da shi.