Tausa Da Ciwon Ƙirji: Kada A Bar Jaki A Doki Taiki

'Yan'uwana mata, a ƙauyukanmu na arewacin Kano, daga Dawakin Tofa zuwa Bichi da Ɗambatta, da wuya ki shiga gida da hunturu ba ki ji wata dattijuwa tana tari ba. In ƙirji ya riƙe ta sai ta kira jika ta ce, "Zo ki taka mini baya." Wata kuwa a shafa mata man shanu a murza haƙarƙari. Ta ɗan ji sauƙi, jibi abin ya dawo.

Ba mu kaɗai muka san tausa ba. A Amurka wani likita, Andrew Taylor Still, ya fito da hanyar magani ta matsa gaɓoɓi da ƙashin baya a 1874, ya buɗe makarantarta a garin Kirksville a 1892. Ana kiranta ostiyofati. Masu yinta sun jarraba ta a kan masu daɗaɗɗen ciwon huhu, suna sassauta haƙarƙari da naman ƙirji. Waɗansu majinyata sun ce sun ji sakayau, amma gwaje-gwajen ƙanana ne, sakamakonsu ya saɓa wa juna, ba su kuwa nuna huhu ya warke ba.

Dalili a fili yake. Mai wannan ciwo hanyoyin iskar huhunta ne suka ƙuntace, iska ta shiga ta kasa fita duka. Naman ƙirji yana ta wahalar jawo numfashi har ya ƙage. Tausa takan saki naman, amma hannu ba ya kaiwa cikin huhu. Ga shi kuma ƙashin tsohuwa ba shi da ƙwari, taku mai nauyi yana iya karya mata haƙarƙari.

To, ina jakin yake? Yana madafi. A wajenmu gona ta haɗe da gona, itace ya yi wuya, da kara muke girki, sau da yawa a ɗakin da ba taga. Ga ƙurar sussuka da shiƙa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta hayaƙin cikin gida ya yi sanadin mutuwar mutum wajen miliyan 3.2 a 2020. Mace ba ta taɓa shan taba ba, amma ta shekara 40 tana shaƙar hayaƙin murhu.

Saboda haka in tari ya wuce mako 2, ko ana kakin jini, ko ana rama, a tafi asibitin Bichi ko na Ɗambatta a auna majina. In tarin fuka ne, maganinsa kyauta ne a asibitin gwamnati, ana sha wata 6 ba fashi. In daɗaɗɗen ciwon huhu ne, akwai maganin shaƙa mai buɗe hanyar iska.

A gida kuma a fitar da murhu tsakar gida, a yi girki da busasshen makamashi, a sauke goyo kafin a hura wuta. A koya wa Iya ta ja numfashi ta hanci, ta fitar ta baki a hankali kamar mai hura kunu.

Ku 'yan makaranta, ku karanta wa iyayenku wannan. In kaka ta ce a taka mata baya, ku matsa mata da hannu a hankali, sa'an nan ku roƙi Baba ya kai ta asibiti. Allah ya ba mu lafiya, amin.