Dalilin Jiƙa Garin Magani Kafin a Gwada Shi

A kasuwannin Gusau da Tsafe da Bunguɗu, har zuwa Rawayya, ana sayar da garin sassaƙe da na saiwa da na ganye ƙulli-ƙulli. Idan aka kai irin wannan gari ɗakin gwaji don a san abin da ke cikinsa, masana ba su gwada shi busasshe, sai sun jiƙa sun tace tukuna. Dalili kuwa, mafi yawan garin tusar itace ce kurum. Ƙarfin maganin ɗan kaɗan ne, a kulle yake ciki, ba ya bayyana sai ya narke ya fito.

Majema sun daɗe da sanin wannan, gama ba su barbaɗa garin bagaruwa bisa fata, sai su jiƙa shi, ruwan ya jawo baurin da ke jeme ta. Masana ma haka suke yi. In sun ɗiga ruwan ƙarfe cikin jiƙon ya yi baƙi, sun tabbata akwai wannan bauri. In sun girgiza shi kumfa ta tashi ta ƙi kwanciya, akwai mai halin sabulu.

Amma fa ruwa ba ya jawo kome da kome. Ƙaro yakan narke cikin ruwa, man gyaɗa kuwa sai ya taso sama. Saboda haka akan raba gari kashi-kashi, wani a jiƙa da ruwa, wani da sifirit, wani da abin da ke narkar da maiƙo, kowanne ya jawo danginsa. Sa'an nan a bar abin jiƙon ya tashi, a auna abin da ya saura.

Zafi ma abin lura ne. A ƙasar Sin wata masaniya, Tu Youyou, ta ga dafaffen wani ganye ba ya kashe zazzaɓin cizon sauro yadda ake so. Sai ta duba wani tsohon littafi, ta tarar magabata jiƙa shi suke yi su matse, ba su dafawa. A 1971 ta tatso shi ba da tafasawa ba, maganin ya fito da ƙarfinsa. A 2015 aka ba ta lambar Nobel.

To, fatake su lura: launi da ƙanshi ba su isa shaida ba. Gari biyu sukan yi kama a faifai, alhali ɗaya magani, ɗaya dusa, ko ma dafi. Wanda zai sari buhu ya sayar wa marasa lafiya, ya kamata ya tambaya ko an gwada shi, da kuma abin da aka jiƙa shi da shi.